Ranar da na saki ƙarfen taga

Har yanzu idan na tuna ƙarar da idon sawuna ya yi a safiyar nan ta watan Janairu, sai tsigar jikina ta tashi.

Shekara huɗu na yi ina koyon rawar bale lokacin da nake karatu a Alƙahira, kuma sai a shekara ta uku malamarmu ta yarda na sa takalmin fuwant, wanda ake tsayawa a kan yatsu da shi. Da na dawo gida Katsina babu sandar riƙo, wato wadda 'yan bale ke dafawa yayin atisaye, sai ƙarfen tagar ɗakina a Ƙofar Ƙaura. Wata biyu ina riƙe da shi ina rilebe, wato tashi a kan yatsu, da eshafe, wato buɗe ƙafafu biyu lokaci guda a tsaya a kan yatsu, komai lafiya lau. Sai zuciyata ta raya mini cewa na isa in koma tsakiyar ɗaki, inda babu abin riƙo.

A kan tayil na yi, kuma cikin hunturu. Duk ɗan Katsina ya san ko da asuba ka share ɗaki, kafin hantsi ƙura ta sake kwantawa. Na taka fike, wato takawa kai tsaye a kan yatsun ƙafa ɗaya, da ƙafar dama, bakin takalmin ya zame, ƙafar ta lanƙwashe waje, na zube. Umma ta shigo a guje tana salati: "Ke 'yar nan, me zan gani haka?" Ita mai ɗori ta so a kira. Na roƙe ta mu fara ɗaukar hoton ƙashi, aka ce targaɗe ne, ba karaya ba. Sati shida ban sa takalmin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba tayil kaɗai ya kayar da ni ba. Malamata ta sha faɗa mana cewa yatsu kawai ake ɗorawa a kan sanda, ba a damƙe ta. Ƙarfen taga kuwa a tsaye yake, damƙarsa ake yi. Ashe duk tsawon wata biyun nan hannuna ne yake ɗaga ni sama, sharaɓata da tsokar cikina suna hutawa. Da na warke na gwada tashi a kan ƙafa ɗaya ba takalmi, ba riƙo, ko sau shida ban kai ba na fara tangaɗi. Wallahi ranar sai da na yi kuka.

Takalmin ma da laifinsa, ko in ce laifina da ban duba shi ba. Akwatin gabansa yadi ne da takarda da gam aka jera, zufa tana sa shi laushi, kuma nawa ya riga ya mutu tun kafin in faɗi. Duk da haka ba na fakewa da shi. Marie Taglioni, wadda ta yi suna da rawa a kan yatsu a Faris a 1832, takalminta na satin ne mai laushi da aka ƙara wa ɗinki a baki, ƙarfin sawunta ne ya riƙe ta.

Yanzu kafinta ya haɗa mini falankin katako, ina goge shi da jiƙaƙƙen tsumma in bari ya bushe, sannan in taka garin ƙaron rozin kaɗan don kada in zame. A tsakiya ƙafa biyu nake farawa da su, eshafe da bure, wato 'yan ƙananan taku da sauri a kan yatsu, idona a kan wani tabo a bango. Ƙafa ɗaya sai ranar da na iya tashi sau 16 ba riƙo. Idan na koma taga, yatsa biyu nake ɗorawa, ina sakinsu lokaci-lokaci don in kama kaina idan na fara jingina.

Makon jiya na yi fike takwas a jere, daga bakin ƙofa zuwa gado. Umma tana tsaye riƙe da tsintsiya, ta ce in dakata ta ƙara share katakon kafin in sake.