Abin da ɗan aji ɗaya ke kwasowa a zango guda

Duk ƙarshen zango, tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, "Malama, na nawa ya zo?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi me yaron ya koya. Ban ga laifinsu ba, katin sakamako ne a hannunsu, shi kuwa kati ba komai a cikinsa sai jerin darussa da maki a gaban kowanne. Ni da nake wuni da 'yan aji ɗaya, yara 'yan shekara 6 zuwa 7, na san abin da ke gudana a makonni 12 ko 13 na zango bai rabu gida-gida yadda jadawali ya raba shi ba. Kuma wannan "na nawa" ɗin ma akwai rashin adalci a cikinsa. A aji guda za ka samu tsakanin babba da ƙarami kusan shekara ce cur, shekara guda kuwa a wurin ɗan shekara 6 kashi ɗaya ce cikin shida na duk rayuwarsa.

Makonnin farko, gaskiya, sunan darasi kawai muke rubutawa a allo. Abin da ake koyo shi ne zaman aji: ka jira a zo kanka, ka ɗaga hannu kafin ka yi magana, ka gane jakarka cikin jakunkuna, ka nemi izinin fita tun abin bai matsa ba. Sai riƙon fensir. Yawancinsu dunƙule hannu suke yi su damƙe shi da yatsu biyar, su danna har takarda ta huje, kafin a gama layi biyu hannu ya gaji, sai kuka. Ana so fensir ya zauna tsakanin babban yatsa da manuni, na tsakiya ya tallafe shi ta ƙasa, wannan kuwa sai yatsu sun yi ƙwari. Shi ya sa muke yanka takarda da almakashi, muke murza yumɓu, muke zura zare a cikin 'yan duwatsu masu huji. Wani uba ya taɓa leƙowa ya same mu a haka, ya ce, "Malama, ashe wasa kuke yi." Na ce masa, "Malam, rubutu muke yi, fensirin ne bai iso ba tukuna."

Karatu shi ne uwar tafiyar, nan ne kuma nake kashe mafi yawan ƙarfina. Magana yaro kan tsince ta da kansa, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Karatu ba haka yake ba. Rubutu ƙirƙirarren abu ne da bai fi shekara 5,000 da 'yan kai a duniya ba, dole sai an nuna wa kowane yaro sirrinsa. Sirrin kuwa shi ne kalma ba dunƙulallen abu ba ce, sautuka ne a jere. Mukan fara da tafi: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu; al-lo, tafi biyu. Daga gaɓa mu gangaro zuwa sautin farko, sannan baƙi da wasali su haɗu: ba, be, bi, bo, bu. Sai a yi makonni kamar ba a motsi. Can wata rana sai ka ga yarinya ta ɗora yatsa a kan allo tana cewa, "ba… ki… ba-ki…" ta yi shiru, sai ta kai hannu ta taɓa bakinta, ta juyo tana dubana ido waje. Daga ranar ba ta barin rubutu ya wuce ta, na jikin kwali, na jikin riga, na jikin mota, duk sai ta tsaya ta haɗa.

Amma yara gwanayen hadda ne, hadda kuma tana yaudarar manya. Yaro zai "karanta" maka shafi guda tas, alhali hoton yake kallo yana tuno abin da ya ji. A Ingila, bayan rahoton Jim Rose na 2006 da ya ba da shawarar a riƙa koyar da karatu ta hanyar haɗa sautuka, tun daga 2012 suke yi wa 'yan shekara 6 gwaji da kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne da ba su da ma'ana. Dabarar ta burge ni, nakan yi irinta. Sai in rubuta "zomi". Mai hadda da mai cinke nan take za su ce "zomo". Mai karatun gaske zai ce "zo-mi", ya ɗago kai ya ce, "Malama, mene ne zomi?" Wannan tambayar ita nake jira.

Sai rigimar b da d, mu kuma ga ɓ da ɗ sun ƙaru, sun zama huɗu. Iyaye kan tayar da hankali idan suka ga yaro ya juya harafi ko ya rubuta 3 tana kallon baya. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya yi bayanin dalilin. Ƙwaƙwalwar mutum ta saba da cewa abu ba ya canzawa don an juya shi: kofi kofi ne, ko mariƙinsa na dama ko na hagu. Yaro ya rayu shekara shida a kan wannan ƙa'ida kuma ba ta taɓa cin amanarsa ba, sai ga mu mun zo mun ce a nan kam juyawa tana canza komai. Warware wannan sabo yana ɗaukar lokaci, kuma a wannan shekarun abu ne da aka saba gani. Tsawa ba ta gyara shi. Yatsa a cikin yashi, ana faɗin sautin ana zana harafin, shi ke gyarawa. Idan abin ya zarce shekarun nan, ga kuma wahalar haɗa sauti, to sai a nemi masana su duba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan karatu haka, a 2019 Bankin Duniya da UNESCO sun ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. A 2022, bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin ya haura zuwa kashi 70. Da yawa daga cikin waɗannan yara suna zuwa makaranta, suna da littafi, ana ba su maki. A aji irin nawa aka bar su a baya, ba wanda ya lura.

Lissafi ma yana da tasa haddar. Uwa za ta kawo ɗanta tana murna, "Ai ya iya ƙirga har ɗari." Ya iya waƙar, wannan gaskiya ne. Sai in zube masa marafan kwalba 7 in ce ya ƙirga. Wani bakinsa ya fi yatsansa sauri, ya kai tara. Wani ya ƙirga daidai, amma da na ce, "To, nawa ne ke nan?" sai ya sake komawa daga ɗaya, domin bai gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce adadin duka ba. Masu bincike biyu, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace waɗannan matakai a 1978: kowane abu lamba ɗaya tak, lambobin a jere ba tsallake, ta ƙarshe kuma ita ce jimilla. Mu manya mun manta cewa mun taɓa koyon waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma gwajin Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan. Ka jera marafai layi biyu, shida-shida, yaro ya yarda daidai suke. A gabansa ka buɗa layi ɗaya ya yi tsawo, ka sake tambaya. Da yawa za su nuna dogon su ce ya fi yawa. Masu bincike na baya sun nuna yadda aka yi tambayar yana da tasiri, yara kan gane da wuri fiye da yadda Piaget ya zata, amma duk da haka nakan ga wannan a ajina kowane farkon shekara. Yaron da har yanzu idonsa ke rinjayar ƙirgarsa, in ka ɗora masa 8 + 5 a takarda, hadda kawai zai yi.

Abu mafi nauyi a lissafin zangon shi ne gurbin lamba. Ka ce a rubuta goma sha biyu, sai ka ga 102. Kada ka yi dariya, yaron ya yi tunani: ya ji goma ya rubuta 10, ya ji biyu ya rubuta 2. Kafin ya yarda cewa 1 ɗin da ke cikin 12 ba ɗaya ba ce, goma ce, sai mun ɗaure tsinkaye goma-goma da zare, mun kwance, mun sake ɗaurewa, ɗauri ɗaya da 'ya'ya biyu, ɗauri biyu da ɗa ɗaya, har ya ga bambancin 12 da 21 da hannunsa. Idan na ji haƙurina na neman ƙarewa, nakan tuna da manyan masana lissafi na da: Brahmagupta na Indiya sai a 628 ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, al-Khwarizmi ya bayyana tsarin gurbin lamba a Bagadaza a ƙarni na 9, Fibonacci ya gabatar da shi ga 'yan kasuwar Italiya a 1202, kuma Turai ta ƙara ɗaukar ƙarnoni kafin ta rabu da lambobin Rumawa a harkar lissafi. Wannan tsarin muke so ɗan shekara 6 ya gane kafin hutu.

Kimiyya ita ce darasin da duk sauran ke taruwa a cikinsa, ita ce kuma na fi jin daɗi. Mukan sa ƙwayar wake a kwalba, tsakanin jikin gilashi da jiƙaƙƙiyar auduga. Kowace safiya a duba, a zana, a rubuta rana a ƙasan zanen, a auna tsawo da tsinke. Ka ga nan akwai zane, akwai rubutu, akwai ranakun mako, akwai awo. Suna mamakin cewa saiwa ce ke fara fitowa, kuma ko ta ina aka kwantar da ƙwayar, saiwar sai ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Kwalba ɗaya mukan hana ta ruwa, ɗaya mu kulle ta a kabad. Kafin nan nakan sa kowa ya faɗi abin da yake zato, kusan duka sukan ce ta cikin duhu ba za ta tsiro ba. Ranar da aka buɗe kabad sai ga tsiro ya fi na taga tsawo, siriri, fari-fari ba kore, ya kasa tsayuwa. Tsirowa ruwa da iska da ɗumi take so. Haske kuwa sai ganye ya fito ake bukatarsa. Da faɗa musu na yi, da kafin a tashi sun manta. Gani ya kori ji.

Rarrabe mai rai da marar rai kuma muhawara ce zalla. Mota tana tafiya, gajimare yana tafiya, bishiya kuwa tana tsaye, don haka a wurinsu mota ce mai rai. Wani yaro ya taɓa ƙure ni a kan wuta. Ya ce, "Malama, ai tana ci, tana girma, kuma tana mutuwa." Sai da muka yi ta jawo sauran alamomi kafin ajin ya yarda a ajiye ta a ɓangaren marasa rai, shi kuwa har aka tashi bai gamsu ba. Ban so ya gamsu da wuri ba.

Darasin lafiya a jikinsu yake, domin shekarun famfara ne, rabin ajin giɓi ne a baki. Mukan ƙirga haƙoran yarinta 20, mu ji cewa na manya 32 ne, mu wanke hannu da sabulu muna ƙirga daƙiƙa 20. Ilimin zamantakewa kuwa, iyali da sana'o'i da dokokin tsallaka titi, shi aka fi zalunta, an mayar da shi jimlolin da ake rerawa. Yaro ya haddace ma'anar "iyali" bai ƙaru da komai ba. Na fi so ya zana taswirar ajinmu kamar yana kallonsa daga sama, ko ya jera mini abin da ya yi jiya da yau da wanda zai yi gobe, tunda a wurin da yawansu duk abin da ya wuce "jiya" ne. Waƙa da motsa jiki su ke koya dama da hagu, wanda kuwa bai san damarsa da hagunsa ba zai sha wuya wajen sanin ta inda layi ke farawa.

Sai mantuwa. Abin da suka iya ranar Alhamis, ranar Litinin kamar ba a taɓa yi ba. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa sabon abu yakan zube da sauri a farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi maimaici a dunƙule. Saboda haka kowace safiya mintuna kaɗan na farko na tsohon abu ne, ko da manhaja tana hanzarta ni. In an zo zaɓi tsakanin gama manhaja da tabbatar da cewa sun riƙe rabinta da kyau, na san wanda nake ɗauka, ko da mai duba makarantu zai ɓata rai.

Makon ƙarshe, ban da jarrabawar takarda, nakan kira su ɗaya-ɗaya gefen tebur. In ba shi 'yan kalmomin da bai taɓa gani ba, in zube masa tsinkaye in ce ya ba ni 14, in karanta masa gajeren labari in ce ya maimaita mini da bakinsa. Wanda ya ɗauko ɗauri ɗaya da 'ya'ya huɗu ba tare da ya kwance zaren ba, zango mai zuwa zai shiga ɗebewa. Wanda ya kwance ya fara daga ɗaya, da mai ce wa "zomi" zomo, su za su zauna a bencin gaba idan an dawo, mu sake bi daga gaɓa da ɗauri.