Yarinyar nan ta hana ni zagin koci

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, gaisuwa daga nan Ingila, da fatan kowa na lafiya.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami, 'yata ce da ke ajin ƙarshe a sakandare aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai a lissafi, ita kuma wai ƙwallo za ta yi. Har dariya na yi mata, don yarinyar nan ko ofsayid ba ta gane ba. Ashe ni ne da sauran karatu.

Ta kwaso sakamakon Firimiya na kaka guda, wasa 380 cif, ta zuba a kwamfuta ta ɗora musu dabarar wani Bafaranshe mai suna Poisson da ya wallafa tun 1837, lokacin ko dokokin hukumar ƙwallon Ingila ba a rubuta ba, sai 1863. Dabarar tana ƙiyasta sau nawa abu zai faru in dai jefi-jefi yake zuwa, kamar cin ƙwallo.

Ta ce Baba, ɗauki kulob ɗin da in an raba daidai yana cin ƙwallo ɗaya da rabi a kowane wasa, to cikin wasa 100 wajen 22 zai tashi bai ci ko ɗaya ba, kuma ba koci ne ya lalace ba, ba 'yan gaba ne suka yi barci ba, haka lissafin yake kawai. A kaka mai wasa 38 wajen takwas kenan! Ni kuwa duk ranar da aka yi haka sai na ce a kori koci.

Wanda ya fi ɗaure min kai: 'yan wasa 22 da alƙalin wasa, mutum 23, wai yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Na ce haba dai. Ta jawo takarda ta nuna min in ka haɗa su bibbiyu sau 253 za ka haɗa, na yi shiru.

Ita da kanta ta rubuta inda dabarar Poisson ɗin ke tuntuɓe, jan kati ɗaya ya isa ya birkita komai, kuma ga Leicester da masu caca suka ba 5000 da 1, wato suna ganin da wuya ƙwarai ta yi nasara, amma ta ɗauke kofi a 2016.

Asabar ɗin nan kulob ɗina ya tashi canjaras babu ci, na buɗe baki zan fara faɗa sai ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baba, cikin takwas ɗin nan ne fa."