Daren Talata a ɗakin haihuwa

Sai ƙarfe tara na safe na baro asibiti. Mai Keke Napep ya sauke ni a Ƙofar Ƙaura, ƙafafuna a kumbure har takalmi ya matse. Na yi wanka na kwanta, barci ya ƙi zuwa.

Mu biyu ne jiya a ɗakin haihuwa, mata goma sha ɗaya. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wata daga ƙauye, jini ya ɓalle mata. Muka ce a nemo jini leda biyu. Mijinta ya fita ya dawo bai samo ba, ya tarar da abokiyar aikina tana kan wata da kan ɗa ya riga ya leƙo. Bai tsaya jin bayani ba, ya wanke ta da mari. Mai gadi yana can bakin ƙofar waje. Haka ta ƙarasa karɓar haihuwar hannunta na rawa, ta yanke cibi, sannan ta shige ɗakin magani ta yi kukanta.

Na san tsoro ne ya ruɗa shi, amma tsoro bai halatta masa fuskar 'yar mutane ba. Da asuba wani dattijon gidansu ya zo yana cewa, "'Yata, ki dubi Allah ki yi haƙuri." Ta ce, "Ba komai, Baba." Shi ke nan, ba a rubuta a ko'ina ba.

Ni kuwa na san da komai. Na auna hawan jinin abokiyar aikina, 160 bisa 100, yarinyar da ba ta cika talatin ba. Ni ma tun bara da wani ya yi mini barazana, da na ji an ɗaga murya a baranda sai gabana ya faɗi, gyambon cikina ya motsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. Na ƙirga nawa na makon nan, 66. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ta haramta cin zarafi a wurin aiki, amma har yau ba mu ga alamarta a ɗakinmu ba.

Matar ta tsira, alhamdu lillahi, ƙanen mijin ne ya ba da jini. Na kira abokiyar aikina bayan azahar, kunnenta na hagu bai daina ƙara ba. Na ce kafin mu karɓi aiki yau sai likita ya duba ta, kuma ni zan rubuta rahoton da hannuna in sa sunana.