Abin da na koya a wuyan reshe

Shekarar da na fara aikin gyaran itatuwa a birnin Damagaram, na ɗauka ƙarfin hannu da kaifin gatari su ne dukan sana'ar. Wata bishiyar bedi da ke ƙofar wani gida a unguwar Zango ce ta raba ni da wannan tunani. Reshenta ya kwanta a kan katanga, na hau na sare shi daidai da jikin kututturen, na kankare wurin ya yi sumul, sannan na shafa masa baƙin mai kamar yadda na ga ana yi. Bayan 'yan shekaru mai gidan ya sake kira na, na tarar wurin ya zama kogo, gara ta cika shi, hannuna ya shige har gwiwa, na damƙo ruɓaɓɓen itace mai laushi kamar dusa.

Dattijon da na koyi aiki a hannunsa ya ja ni zuwa wani reshe, ya ɗora yatsana a kan ɗan kumburin da ya zagaye gindinsa, ya ce: “Yaro, wannan wuyan ne ka cire, kuma da shi bishiya take rufe bakin rauninta.” Daga baya na karanta abin da Alex Shigo, masanin itatuwa ɗan Amurka, ya bayyana, cewa bishiya ba ta warkewa irin ta mutum, sai dai ta killace wurin da ya lalace daga ciki, sabon itace kuma ya taso daga gefe ya lulluɓe shi a hankali. Idan aka yanke wuyan an rushe wannan katanga, idan kuma aka bar dogon guntu, rufewar ba za ta yiwu ba. Baƙin man ma bai hana ruɓa ba.

Tun daga lokacin na koma zarto, kuma sau uku nake yanka babban reshe: in fara tsaga shi ta ƙasa don kada nauyinsa ya yage ɓawo, in sauke shi ta sama, sannan in cire guntun dab da wuyan ba tare da na taɓa shi ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne gonakin Matameye da Magaria, wuraren da manoma suka raya gawo ta hanyar sassaben zamani, suna zaɓen tohon kututture suna renonsa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore, lokacin da dabbobi ba su da ciyawa, shi ya sa makiyaya ke sassare rassansa. Ban ga laifinsu ba, domin dabba sai ta ci, amma sara ɗaya daga sama yakan ɓare ɓawon har ƙasa. Idan na haɗu da su nakan karɓi gatarin, in nuna musu saran ƙasa na farko a kan reshe guda.