Abin da na koya daga cacar gasar World Series a birnin New York

Duk wanda ya saba ganin cacar ƙwallon ƙafa a gida ya san lambobi irin su 1.67 da 2.30, waɗanda ake ninkawa da kuɗin da mutum ya saka a ga abin da zai karɓa. Amurkawa ba haka suke rubuta nasu farashin ba, kuma shi ne abin da ya fara ɗaure mini kai lokacin da na soma bin gasar World Series, wato wasannin ƙarshe da ake fitar da zakaran ƙwallon besbol da su kowace shekara, tsakanin gwarzon rukunin American League da na National League. Su alamar ragi da ta ƙari suke amfani da su, kuma komai a kan dala 100 ake auna shi. Idan aka rubuta -150 a gaban sunan ƙungiya, sai mutum ya saka dala 150 kafin ya ci ribar dala 100, kuma ita ce ake ganin ta fi ƙarfi. Idan aka rubuta +130, dala 100 za ta jawo ribar dala 130, ita ce kuma ake yi wa kallon mai rauni. Waɗannan lambobi biyu daidai suke da 1.67 da 2.30 ɗin da muka sani, rubutun ne kawai ya bambanta.

Ina zaune ne a unguwar Bronx, ba nesa da filin wasan ƙungiyar New York Yankees ba, ina tuƙin tasi, kuma wani abokin aikina ɗan Jamhuriyar Dominika ne ya koya mini ƙa'idojin wasan. Ana yin zagaye tara, kowace ƙungiya tana samun damar bugu sau ɗaya a kowane zagaye har sai an fitar da 'yan wasanta uku, ana kuma samun maki ne idan ɗan wasa ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida. Babu canjaras, domin idan aka tashi kunnen doki a zagaye na tara sai a yi ta ƙarawa har wani ya yi rinjaye. Ƙungiyar da ta riga cin wasa huɗu daga cikin bakwai ita ce ke ɗaukar kofi. Ita kuwa cacar, har zuwa shekarar 2018 dokar tarayya ta 1992 ta hana ta a mafi yawan jihohi, sai a watan Mayun 2018 ɗin Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar, jihar New York kuma ta buɗe caca ta waya a watan Janairun 2022 ga waɗanda suka kai shekara 21. Daga nan talla ta cika gari, a rediyo da talabijin da jikin motocin haya. Wani dattijo maƙwabcina, Bahaushen Kumasi, da ya ga manhajar a wayata bai tsaya yi mini wa'azin haramcin caca ba, don ya san na sani, tambaya kawai ya yi mini: “Ɗana, su waye suke biyan kuɗin duk wannan tallar?” Na ce masa, “Baba, kamfanonin mana.” Ya yi dariya ya wuce.

Amsar tambayarsa tana cikin lambobin nan biyu. Kowane farashi ana iya mayar da shi kashi cikin ɗari. Wanda ya saka 150 don ya karɓi 250 gaba ɗaya, sai ƙungiyarsa ta riƙa cin kashi 60 cikin 100 na irin wannan wasa kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Wanda ya saka 100 don ya karɓi 230 yana buƙatar kashi 43.5. Idan aka haɗa biyun sai a sami 103.5, alhali ɗaya ce kawai za ta yi nasara, saboda haka bai kamata jimillar ta wuce 100 ba. Wannan rarar ita ce kamashon kamfani, kamar dai yadda ɗan canji a Wapa yake sayen dala a farashi ɗaya ya sayar a wani, ba ruwansa da ko dala za ta tashi gobe ko za ta faɗi. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne idan aka sa -110 a kowane ɓangare. A ce mutum ya yi caca sau 100, kowace da dala 110, ya ci rabi ya faɗi rabi: ya sami 5,000, ya yi asarar 5,500, wato dala 500 ta tafi duk da cewa bai yi ƙasa da wanda ke jefa kwabo sama ba. Kafin ya fita ba riba ba asara sai ya ci fiye da 52 cikin 100. Tun da na gane wannan na daina karanta lambar a matsayin hasashen wanda zai ci, na koma karanta ta a matsayin farashin da aka sa wa kaya.

Besbol kuma wasa ne da ba ya barin masani ya yi wa jahili nisa. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kakar wasa, kuma wadda ta ci 100 daga ciki ana ɗaukarta gagarau, alhali kashi 62 ne kawai cikin 100. Idan irin wannan ƙungiya ta haɗu da wata gwanar a wasannin ƙarshe, tazarar sai ta ƙara tsukewa. Na zauna na yi lissafi: ƙungiyar da ke da damar kashi 55 ta cin kowane wasa, damarta ta lashe jerin wasanni bakwai kusan kashi 61 ce, wadda ke da kashi 60 kuwa damarta kusan 71. Tarihi ma haka ya nuna. A 2023 Atlanta Braves ta ci wasa 104, Baltimore Orioles 101, Los Angeles Dodgers 100, amma babu wadda ta tsallake karonta na farko a wasannin fitar da gwani, sai Texas Rangers mai wasa 90 da Arizona Diamondbacks mai 84 ne suka kai ƙarshe, Texas ta ɗauki kofi. A 2006 St. Louis Cardinals da wasa 83 kacal ta zama zakara, Seattle Mariners kuwa da ta ci 116 a 2001 ko ƙafarta ba ta taka World Series ba.

Abin da ke motsa farashin wasa ɗaya fiye da komai shi ne mai jifan da zai fara wa kowace ƙungiya, wato ɗan wasan da ke jefa wa masu bugun abokan hamayya ƙwallo. Ƙungiya ɗaya za ta iya zama mai alamar ragi yau, gobe ta koma mai alamar ƙari, don kawai gwaninta na jifa yana hutu, tun da yawanci sai ya huta kwana huɗu ko biyar kafin ya sake fitowa. Shi ya sa wasu kamfanoni suke ba mutum zaɓin ya ɗaura cacarsa a kan sunayen masu jifan da aka sanar, ta yadda idan aka canja ɗaya kafin wasa za a mayar masa da kuɗinsa. Ya kamata a karanta wannan sharaɗi kafin a danna komai, domin ba ɗaya yake a kowane kamfani ba.

Gasar 2024 tsakanin Dodgers da Yankees ita ce ta koya mini cacar tazara. A besbol tazarar kusan kullum maki ɗaya da rabi ce: wanda ya ɗauki mai ƙarfi sai ta ci da maki biyu ko fiye, wanda ya ɗauki mai rauni kuwa ya ci idan ta yi nasara ko aka cinye ta da maki ɗaya tak. Akwai dalilin da ya sa baƙuwar ƙungiya take da daɗin ɗauka a nan. Mai masaukin baƙi ita ce ke bugu a ƙarshe, idan tana gaba bayan rabin farko na zagaye na tara ba ta sake bugawa, idan kuma a bugun ƙarshe ta wuce gaba nan take wasa yake tashi, don haka nasarorinta da yawa da maki ɗaya suke ƙarewa. A kan wannan na ɗauki Yankees da ƙarin maki ɗaya da rabi a wasan farko, ranar 25 ga Oktoba a Los Angeles, kuma na saye shi da tsada, domin abin da na saka ya fi ribar da nake nema nesa ba kusa ba. A zagaye na goma Yankees tana gaba da 3 da 2, an fitar da 'yan Dodgers biyu, mutum uku suna tsaye a tashoshi, ga Freddie Freeman ya fito bugu da ciwo a idon sawu. Da a ce ya buga ƙwallon ta faɗi a cikin fili, mutum biyu su shigo gida, da wasan ya tashi 4 da 3, Yankees ta sha kashi amma tikitina ya ci. Hanya ɗaya ce za ta kayar da ni a wannan bugu, wato ƙwallon ta tsallake katanga, domin a nan ne kaɗai ake ƙirga duka makin. Jifan farko da Nestor Cortes na Yankees ya yi masa kuwa Freeman ya aika shi cikin 'yan kallo, aka tashi 6 da 3, kuma ba a taɓa ganin an tashi wasa da bugu ɗaya mai maki huɗu irin wannan ba a tarihin gasar tun da aka fara ta a 1903. Lissafina bai ɓaci ba, abin da ba ya yawan faruwa ne ya faru, kuma farashin da na biya ya riga ya ƙunshi yiwuwar hakan.

Wasa na biyar a Bronx, ranar 30 ga Oktoba, ya nuna mini wata fuskar. Na ɗauki Yankees a cacar zagaye biyar na farko, wadda ake so saboda ta dogara a kan masu jifan farko, ba ruwanta da waɗanda za su canje su daga baya. Gerrit Cole na Yankees yana jifa ba mai iya taɓa shi, Yankees tana gaba da 5 da nema. A zagaye na biyar Aaron Judge na Yankees ya saki ƙwallon da ta zo masa har hannu, aka sake yin kuskuren jifa zuwa tasha ta uku, sannan Cole bai ruga ya tsare tasha ta farko ba, kafin a ankara Dodgers ta rama duka biyar. Da yake 5 da 5 aka kammala zagayen, sai aka mayar mini da uwar kuɗina. Dodgers ta ci wasan 7 da 6 ta ɗauki kofi, waɗanda suka bi Yankees da tsada ana tsakiyar wasa, lokacin da take gaba da biyar, su ne suka fi jin jiki a daren.

Sauran nau'o'in ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai cacar jimillar makin ƙungiyoyin biyu, ko za ta haura wata lamba ko za ta gaza, akwai ta gwarzon ɗan wasan gasar, akwai ta yadda jerin zai ƙare, ko 4 da 0 ko 4 da 3. Wadda aka fi tallatawa ita ce haɗa caca da yawa a tikiti ɗaya, kuma dalilin a bayyane yake: uku masu -110 idan aka haɗa su suna biyan kusan ninki 7, alhali adalcinsu ninki 8 ne, wato kamashon ya tashi daga kashi 4.5 zuwa kusan 13. Cacar da ta rataya a kan mutum ɗaya kuma tana da wata matsalar, domin ita ce ta fi sauƙin murɗewa, kuma besbol ya san wannan ciwo tun 1919, lokacin da aka zargi 'yan wasan Chicago White Sox takwas da sayar da gasar ga 'yan caca aka kore su har abada. Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan bugu mai kyau a tarihin wasan, caca ce ta sa aka haramta masa besbol a 1989.

Cacar dogon zango, wadda ake zaɓen zakara tun watan Maris ko Afrilu, ita ce ta fi ban sha'awa kuma ta fi tsada, domin idan aka haɗa farashin duka ƙungiyoyi 30 jimillar takan haura 120, ga shi kuma kuɗin mutum zai kwana a hannun kamfani har wata bakwai. Amfaninta guda shi ne damar kare kai idan ƙungiyar ta kai ƙarshe. A ce an saka dala 100 a kan +1000, ƙungiyar ta kai World Series, abokiyar karawarta kuma tana -120. Idan aka saka 600 a kan abokiyar karawar, to ko wacce ta ci riba dala 400 ce: ko dai 1,000 a cire 600, ko 500 a cire 100. An sayar da mafarkin dala dubu an karɓi tabbacin ɗari huɗu, an kuma biya kamasho sau biyu. Wani mai sayar da kayan ɗaki a birnin Houston, Jim McIngvale, irin wannan dabara yake yi ta wata siga. Yakan yi wa masu sayen katifa alkawarin mayar musu da kuɗinsu idan Houston Astros ta ɗauki kofi, sannan ya saka caca a kan Astros ɗin don ya sami abin biya. A 2022 ya saka kusan dala miliyan 10 ya karɓi kusan miliyan 75, jaridu suka yi ta yayata shi a matsayin gwanin caca, alhali shi inshora ya saya wa kasuwancinsa.

Lokacin da za a kare kai ma yana da nasa farashin, domin lambobin suna canjawa bayan kowane jifa. A wasa na bakwai na gasar 2025, Toronto Blue Jays ta Kanada tana gaban Dodgers da 4 da 3 a zagaye na tara, saura mutum biyu ta fitar ta ɗauki kofinta na farko tun 1993. Wanda ke riƙe da tikitin Toronto tun farkon shekara, a wannan daƙiƙa da kuɗi ƙalilan zai iya sayen Dodgers ya rufe kansa ta kowane ɓangare, amma kuma a nan ne zuciya ta fi raya masa cewa babu buƙata. Miguel Rojas na Dodgers, wanda ba a san shi da irin wannan bugu ba, ya tsallakar da ƙwallo katanga ya rama, Will Smith ya ƙara wata a zagaye na goma sha ɗaya, Dodgers ta ci 5 da 4.