Ɗaukar masu buƙata ta musamman aiki: abin da shagon ɗinki ke nunawa

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Kason bai hau kan ƙananan masana'antu irin namu ba, alhali a shagunan ɗinki, takalmi da walda ne guragu da kurame da yawa ke samun abin kai wa bakin salati. Hukuncin wariya kuwa ya hau kan kowa: tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum.

A ganina, ƙidayar mutum nawa aka ɗauka ba ta auna komai. Ma'aunin shi ne: wa ke nan bayan wata shida, kuma nawa yake tafiya da shi gida?

Ɗauki keken ɗinki. Ana yawan raba keken ƙafa a shirye-shiryen tallafi, har ga waɗanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu. Ba su iya taka shi, don haka bayan an gama ɗaukar hoto sai keken ya koma kasuwa. Gyaran ba shi da tsada. A ɗaura wa keken ƙaramar motar lantarki mai juya shi, a ɗauko matakin a kafe shi a kan teburi ta dama, yadda tela zai danna da gwiwar hannu, hannayensa biyu na kan yadi. Keken hannu ma yana yi idan babu wuta, sai dai hannu ɗaya ya tafi wajen juyawa, doguwar kalmasa kan karkace, aikin kuma ya yi nawa. Inda ake biya bisa yawan ɗinki, wannan nawar daga aljihun ma'aikaci take fita, ba daga na mai shago ba.

Teburin yanka an yi shi ne don mai tsayuwa, wajen santimita 90. Mai keken guragu yana buƙatar 75, da sarari a ƙasa inda gwiwoyinsa za su shiga. Ƙofa kada ta gaza santimita 90. Gangarar da keken guragu ke bi ya shiga shago kuwa, nan magina suka fi kwafsawa: kowane santimita ɗaya na tudu yana son goma sha biyu na tsawo, wato dakali mai santimita 30 sai an ba shi mita 3.6. Abin da ya gaza haka sai da mai turawa, kuma da damina siminti mai sulɓi kan kifar da keke. A karce shi tun yana ɗanye.

Kurma bai buƙatar gini ko ɗaya. Awo da ranar karɓa a rubuce, hoton samfur ta WhatsApp, shi ke nan. Galibi ma kuskure kan ragu a shagon gaba ɗaya.

Abin da ya fi korar mutum daga aiki shi ne banɗaki da kuɗin zuwa. Masai na tsuguno mai ƙuntatacciyar ƙofa kan sa ma'aikaci ya ƙi shan ruwa yini guda, kuma mai A Daidaita Sahu kan caji kuɗin mutum biyu saboda keken guragun. Duk mai binciken da bai tambayi waɗannan biyun ba zai rubuta cewa ma'aikacin ne ya bar aiki don kansa.