Lasisin tuƙi ba a sakatariya ake yinsa ba

Har yanzu akwai masu ɗauka wai in kana son lasisin mota sakatariyar ƙaramar hukuma za ka nufa, ka nemi kansilanku ya sa maka baki. To ba ruwan ciyaman da wannan harka ko kaɗan. Lasisin da tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi a jadawali na huɗu shi ne na keken hawa, amalanke, baro da kwalekwale, wato abin da ba ya tafiya da inji, sai kuma kula da tashoshin mota da kasuwanni. Shi ya sa kake ganin masu rasit a bakin tasha kullum amma ba mai iya ba ka katin tuƙi a cikinsu.

Shi lasisin direba hannu uku ne a kansa. Bayan ka gama makarantar koyon mota wadda aka amince da ita, 'yan VIO na jiha, wato jami'an duba ababen hawa, su gwada ka ko ka iya, kuɗin kuma hukumar tara haraji ta jiha ce ke karɓa, sannan 'yan rod sefti wato FRSC da aka kafa tun 1988 su ɗau hotonka da zanen yatsu su buga katin. Za a fara ba ka na wucin gadi na kwana 60, na dindindin ɗin kuwa shekara 3 ko 5 ne, kuma sai kana da shekara 18 da lambar NIN.

Abin da ke damuna shi ne nisa. Ƙananan hukumomi 774 gare mu, Kano kaɗai 44, amma wuraren ɗaukar hoton yawanci a manyan garuruwa suke, direban da ke lodin kayan gwari a ƙauye sai ya ajiye motarsa wuni guda ya biya kuɗin mota ya zo birni, ya tarar ba netwok a ce ya dawo gobe, to ina dalilin da ba zai miƙa kuɗinsa ga ɗan kamasho ba? Nan ake samun na bogi, sai an tsare shi a hanya ya gane takardar banza ya saya.

Ni dai a ganina a kai na'urar ɗaukar hoton zuwa kowace sakatariya ko da sau ɗaya ne a wata, ƙaramar hukuma ta ba da ofis da janareta. Gwajin tuƙin fa kar a kuskura a damƙa wa ciyaman, don wallahi lokacin kamfen har wanda bai san birki da totur ba sai an raba masa lasisi.